Bashin da ɗalibi ke ci a jikinsa lokacin jarabawa

Mu da ke aikin jinya kusa da manyan makarantu a Sakkwato ba sai an kawo mana jadawalin jarabawa ba. Da mun ga an fara shigo da samari da 'yan mata ranga-ranga tsakanin Isha'i da Asuba, abokai na biye riƙe da takardu, mun san an shiga. In kuma jarabawar ta faɗo a Maris, Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, to ledar ƙarin ruwa ba ta kwana a kabad.

Wani dare a watan Afrilu aka kawo mana wani yaro ɗan aji biyu a kan kabu-kabu, an sa shi a tsakiya, abokinsa na tallabe da shi ta baya. A aji ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga. Da ya dawo hayyacinsa na ce, "Ɗana, mi kac ci yau?" Ya ce, "Mama, shayi ɗai nis sha." Na ce, "Yaushe rabonka da kwana?" Ya yi shiru yana lissafi, sannan ya ce shekaranjiya. Ina auna shi abokin ya matso, ya zaro wani sacet na ƙwaya daga aljihun mara lafiyar, ya miƙo mini yana rantse-rantse: "Walle Mama, ba ɗan shaye-shaye na ba, don karatu yas sha." Na yarda da shi. Yawancin waɗanda ake kawo mana a irin wannan lokaci ba 'yan iska ba ne, yara ne masu tsoron kari-oba, wato faɗuwa darasi a maimaita shi baɗi, waɗanda iyayensu suka sayar da buhun gero ko tunkiya aka biya musu kuɗin makaranta.

Abin da nake so ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da na Jami'ar Jihar Sakkwato, da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, da na sauran makarantunmu su gane shi ne, jiki yana ba da bashi. Ka hana shi barci ya haƙura, ka hana shi ruwa ya haƙura, ka ɗora masa ƙwaya ya lallaɓa. Amma shi ke zaɓen ranar biya, kuma sau da yawa ranar ita ce safiyar jarabawar da aka yi duk wahalar dominta.

Na fi daɗewa a kan barci in ina yi wa ɗalibai magana, don nan ne suka fi yi mini gardama. Saurayi ko budurwa na buƙatar barcin awa 7 zuwa 9 a yini. Da na faɗi haka sai a yi dariya, a ce Mama ba ta san yawan handawut ba. Na sani. Abin da ba su sani ba shi ne, karatun da ka yi da dare ba ya zama a kai sai ka kwanta. Lokacin barci ne ƙwaƙwalwa ke jera abin da aka zuba mata da rana, ta adana shi inda za a iya lalubo shi gobe. Wanda ya kwana zaune yana ta zubawa kamar mai ɗibar ruwa a kwando yake. Shi ya sa za ka ji ɗalibi ya fito yana cewa, "Wallahi na karanta wurin nan jiya, na ma tuna shafin, amma abin ya ƙi zuwa." Ba sammu ba ne, ba kuma malamin ne ya canja tambaya ba.

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan tun yana ƙarami. Ba a haddace izu a dare ɗaya. Ana biya kaɗan, a wanke allo, a kwana, gobe a yi tilawa ba tare da an duba ba. Karatun boko ma haka yake so. Rabin awa yau, rabin awa jibi, a rufe littafi a tambayi kai, ya fi awa shida a jere daren jarabawa. In lokaci ya riga ya ƙure, ko awa 5 ka samu ka kwanta, ka tashi da Asuba ka yi bita da sanyin safiya. Da rana kuma, lokacin da ba abin da ke shiga kai saboda zafi, ƙailula ta minti 20 zuwa 30 tana dawo da hankali. Kada ta wuce haka, in ba haka ba ka tashi jiki a mace, dare kuma ya ƙi ba ka barci. Sahabi Abdullahi ɗan Amr ma, da yake kwana yana sallah yana wuni da azumi, Annabi (SAW) ya umarce shi ya riƙa barci, ya riƙa shan ruwa, domin jikinsa yana da haƙƙi a kansa. In ibada ba ta zama hujjar hana jiki barci ba, ban ga yadda handawut zai zama ba.

Shayi, kofi, goro da lemon gwangwanin nan da ake cewa na ƙara kuzari, duk sinadari ɗaya ke aiki a cikinsu, wato kafeyin. Ban hana kofi ɗaya da safe ba, ni ma ina sha. Sai dai bayan kamar awa 5 da sha, rabinsa na nan a jini. Wanda ya tsaya wurin mai shayi da ƙarfe 11 na dare aka haɗa masa mai kauri da Nescafe, ko ya kwanta da ƙarfe 2 idonsa biyu, zuciya na dukan uku-uku, hannu na rawa. Washegari ya sake sha don ya iya tsayuwa. Haka ake shiga.

Daga nan wasu ke tsallakawa zuwa ƙwaya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da wata ƙwaya ko kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken. A watan Mayun 2018 ɗin ne gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Taramadol, wanda yara ke kira taramol, maganin ciwo ne mai ƙarfi da likita ke rubutawa, yawanci miligiram 50 ko 100. Wanda ake sayarwa a ɓoye kuwa yakan kai 200 ko 225 a ƙwaya ɗaya. Ka haɗiye biyu ka kai ko ka haura 400, iyakar da ake yarda babba ya sha a yini guda, kuma daga nan haɗarin jijjiga irin ta farfaɗiya ke ƙaruwa, balle ga wanda bai yi barci ba. Abin da ya kayar da yaron da na ba ku labari ke nan. Mai sayarwa zai ce maka tana buɗe kai. Abin da take yi shi ne ta rufe maka jin gajiya, gajiyar kuwa na nan. Bayan 'yan makonni sai ka ga in ba ka sha ba jiki na ciwo, hanci na yoyo, barci ya gagara, ka koma nemanta ba don karatu ba.

Wanda ya riga ya kai nan, kada ya ce zai daina rana ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Ana rage ta ne a hankali a hannun likita. Asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware ba na mahaukata kaɗai ba ne, kamar yadda ake yi wa juna ba'a a hostal. Suna duba masu son rabuwa da ƙwaya, da masu damuwar da ta hana su ci da barci.

In ɗan ɗakinku ya faɗi yana jijjiga, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a danne shi, kada a ɗura masa ruwa ko madara. A janye abin da zai buge, a sa masa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kai, in jijjigar ta lafa a juya shi ya kwanta a gefensa. Mai addu'a ya yi addu'a, amma ana yi ana neman abin hawa.

Sai ruwa. A zafin Sakkwato mutum na zubar da gumi ko yana zaune, iska kuma ta busar da shi kafin ya lura. Kada ka jira ƙishirwa. Fitsari ne ma'auni: in ya fito fari-fari ko ruwan ɗorawa mai haske, lafiya lau, in ya yi duhu kamar shayi kuma kaɗan, jiki ya bushe. Yawancin ciwon kan da ɗalibai ke kashewa da farasitamol a bazara, ledar fiya wata biyu ce maganinsa. 'Yan mata kuwa na san dalilinku, kun sha gaya mini: kuna ƙin shan ruwa don kada ku shiga banɗakin da ba ku yarda da tsaftarsa ba. Na fahimta, amma riƙe fitsari da ƙarancin ruwa su ne ke kawo mana ku da ciwon mara da zafin fitsari. Ku sha, ku riƙe 'yar butarku da sabulu.

Ga wani haɗi da nake tsoro ƙwarai: jiki a bushe, ciki ba komai, sannan a haɗiyi ibuprofen ko diclofenac, ko ɗaurin ƙwayoyin nan kala-kala da ake ƙulle wa mutum a leda a kemis a ce na gajiya ne. Irin waɗannan magunguna suna cin bangon ciki, suna kuma wahalar da ƙoda idan babu ruwa a jiki. Olsar da kowa ke ɗora wa yunwa, manyan masu kawo ta biyu ne: wata ƙwayar cuta da ke zama a ciki, da waɗannan magungunan. Shi kansa farasitamol, babba kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini, don fiye da haka hanta yake taɓawa.

Wanda gudawa ko amai ya kama, a nemi sacet ɗin ruwan gishiri da sukari a kemis. In babu, a juye fiya wata biyu, wato lita ɗaya, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Wanda kuma zafi ya buge, jikinsa ya yi rau, yana sambatu ko bai san inda yake ba, a kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a jiƙa shi da ruwa ana yi masa fifita har a isa asibiti. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin.

Abinci ba zan ja shi ba, don na san aljihun ɗalibi. Indomie da garin kwaki suna cika ciki, amma a riƙa sa musu ƙwai, ƙuli-ƙuli ko gyaɗa. Shinkafa da wake, kwaɗon zogale, ƙosai, awara, hoce, fura da nono mai tsafta, duk sun fi lemon kwalba da biskit, kuma ba su fi su tsada ba. 'Yan mata masu zubar da jini da yawa a al'ada, in kuna jin jiri da kasala ku zo a auna jininku. Ku daina kora abinci da shayi, yana rage sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da jiki ke tsotsa daga wake da ganye.

Zazzaɓi ne abu na ƙarshe, kuma a nan ba na wasa. Ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. Gwajin yatsa minti 15 zuwa 20 ne. In ya nuna ita ce, a sha maganin kwana 3 cif, ko da an ji sauƙi a rana ta biyu. Amma Sakkwato na cikin yankin da sanƙarau ke tashi daga hunturu zuwa faɗuwar damina, kuma cunkoson ɗaki, mutum takwas ko goma inda aka tsara wa huɗu, shi ne abin da cutar ke so. A annobar 2017, wadda ta fi tsanani a Zamfara, Sakkwato da Katsina, an samu fiye da mutum 14,000 da ake zargin sun kamu, sama da 1,100 suka rasu. Zazzaɓi mai zuwa farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, wuya ya sanƙare, amai, ƙin haske, ruɗewa: in ka ga waɗannan a jikin ɗan ɗakinku, kada a ce bari gari ya waye, kada a ce bari ya rubuta ta gobe tukuna. Sanƙarau na iya kashewa cikin kwana guda, wanda ya tsira a makare kuma yana iya rasa jinsa. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafin da ke kare mutum daga nau'i 5 na ƙwayar cutar. In an zo yi a unguwarku ko makarantarku, ku miƙa hannu. Ku bar tagogi a buɗe, ku shiga gidan sauro, kada a kwana da janareto ko garwashi a ɗaki ko a bakin taga.

Tun farkon zango, kafin komai ya faru, kowa ya je asibitin makarantarsa ya buɗe kati. Akwai tsarin inshorar lafiya na ɗaliban manyan makarantu da ake kira TISHIP, kuma ɗalibai da yawa sun biya kuɗinsa cikin kuɗin rajista ba su sani ba, sai ku tambaya. 'Yan ɗaki ɗaya su karɓi lambar wani babba daga gidan kowannensu, su kuma san wa ke da sikila, wa ke da asma, wa ke da farfaɗiya. In kun kawo mana mara lafiya, ku zo da kwalin ko sacet ɗin duk abin da ya sha, ko mene ne shi. Ba kunya za mu ba shi ba, so muke mu san abin da za mu ba shi da wanda ba za mu ba shi ba. Abokin yaron nan da ya zaro sacet daga aljihu ya rage mana aikin awa guda a daren.