Wai wace doka ce ta yarda baƙo ya biya kuɗi ya harbe akuyar dutse?

Duk sanda hoton nan ya sake yawo a waya, bature ya durƙusa kan dutse riƙe da bindiga ga ƙatuwar dabba mai murɗaɗɗen ƙaho kwance a gabansa, sai kaji mutanenmu nan Aboabo da Sabon Zongo a Ghana suna tambaya ɗaya, wai ya akayi shi ya kashe dabbar da ake cewa ta kusa ƙarewa har yana murmushi a hoto, mu kuma nan da watan takwas ya kama in maharbi ya fito daji da gada a kafaɗa sai ma'aikatan daji su tsare shi? Tambayar tana kan hanya wallahi, kuma amsarta duk tana cikin takarda ne.

Dabbar da kuke gani markhor ake ce mata, akuyar dutse ce ta ƙasar Pakistan da makwabtanta, ƙahon namiji yana murɗewa ya tashi sama har ya wuce mita ɗaya da rabi. Akwai 'yan uwanta da ake farauta haka, ibex mai ƙaho lanƙwasshe zuwa baya, da ragon dutse argali wanda wani irinsa ake kira Marco Polo a Tajikistan da Kirgistan. Masu wannan farauta ƙahon da fatar kai suke so su kai gida su rataye a bango, nama bai dame su ba, kuma basa shiga dutse su kaɗai, dole da ɗan jagora mai lasisi da ma'aikacin gwamnati da zai shaida abin da aka harba.

Uwar dokokin dai itace CITES, yarjejeniyar da ƙasashe suka sa wa hannu a Washington a 1973 ta fara aiki a 1975, Ghana ma tana ciki tun shekarun 1970. Abin da mutane da yawa basu gane ba shine CITES bata shiga daji ta hana kowa harbi, wannan aikin dokar kowace ƙasa ne, ita aikinta a bakin iyaka yake, wato fita da dabba ko wani sashe na jikinta daga wata ƙasa zuwa wata. Ta raba dabbobi aji uku. Aji na farko sune waɗanda ke bakin ƙarewa, ba'a cinikinsu tsakanin ƙasashe, in ma za'a fitar da ƙaho ɗaya sai da takarda biyu, ta ƙasar da zai fita da ta ƙasar da zai shiga. Aji na biyu ana iya fitarwa amma da izinin ƙasar da dabbar take, nan ragon Marco Polo yake. Markhor kuwa aji na farko take.

Toh in haka ne ta ina baƙon ya samu ƙofa? A taron CITES na 1997 a Harare aka yarda Pakistan ta riƙa fitar da ƙahon markhor shida a shekara, a 2002 aka ƙara zuwa 12. Guda goma sha biyu fa a ƙasa guda, ana raba su tsakanin Gilgit-Baltistan da Khyber Pakhtunkhwa da Balochistan, ana gwanjon lasisin wanda ya fi sayawa ya ɗauka, a 2019 wani ba'amurke ya biya dala 110,000 akan guda ɗaya a yankin Gilgit. Sharaɗin shine tsohon namiji kawai za'a harba, banda mace banda ƙarami, kuma kashi 80 cikin ɗari na kuɗin na mutanen ƙauyukan da dabbar ke zaune a dutsensu ne, gwamnati ta riƙe 20.

Wannan kashi 80 ɗin nan ne zuciyar maganar a ganina. Ka ɗauki mutumin ƙauye wanda da can in ya hau dutse ya harbo akuya abin da zai samu naman kwana biyu ne, yanzu an gaya masa in dabbar nan ta rayu ta tsufa ƙahonta ya cika to kuɗin da zata kawo zai gyara musu makaranta ya ja musu ruwa ya biya albashin masu gadi, kuma masu gadin nan 'ya'yansu ne, wasu ma tsoffin maharban ne da kansu, kaga shi da kansa zai hana ɗan uwansa hawa dutse da bindiga da daddare. A Torghar ta Balochistan tun tsakiyar shekarun 1980 shugabannin ƙabilar wurin suka fara wannan tsari lokacin dabbobin sun kusa ƙarewa ƙaf, suka dawo suka yi yawa. A 2015 ƙungiyar IUCN mai lissafin dabbobin duniya ta sauke markhor daga jerin masu fuskantar ƙarewa, manyanta da a da basu kai 2,500 ba suka haura 5,000.

Amma kar wani ya ɗauka ko'ina haka abin yake tafiya. In ba'a ƙirga dabbobin da gaskiya ba, ko kuɗin ya maƙale a ofis bai sauka ƙauye ba, abin da ya rage kisa ne kawai da hatimi a kai, talaka an hana shi mai kuɗi an buɗe masa, kuma wannan zalunci ne ko da takarda ta cika. Akwai kuma masu bincike dake nuna cewa yawan cire manyan maza masu ƙaho yana rage girman ƙahon a zuriyar dake tasowa, an ga haka a ragunan dutse na Kanada. Shi yasa ƙasashe suka rabu, Kenya ta hana irin wannan farauta tun 1977, Botswana ta hana a 2014 ta sake buɗewa a 2019, Faransa kuma ta daina karɓar kan zaki a 2015, shekarar da aka kashe zakin nan Cecil a Zimbabwe duniya ta ɗauki zafi. Ni dai raina bai taɓa kwanciya da kashe rai don ado ba, a wurinmu farauta don ci ce, amma hakan bai sa na rufe ido akan cewa a wasu duwatsun tsarin ya ceci dabbar ba.

Mu dawo gida. Dokar da ke tsare maharbinmu itace L.I. 685 ta 1971, ita ta sa daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba a ajiye bindiga saboda lokacin ne dabbobi ke ɗauke da ciki ko suna shayarwa, ka kashe uwa ɗaya ka kashe biyu ko uku kenan. Gyazbi ne kaɗai, akrantie da muke cewa, aka bari a watannin nan shima sai da lasisi, shi yasa in ka leƙa Atwemonom, kasuwar naman daji ta Kumasi, a lokacin shi ya kamata ka tarar akan tebur. Ko lokacin da aka buɗe farauta ma akwai waɗanda ba'a taɓawa sam kaman giwa da damisa da zaki, ba'a harbin ƙaramar dabba ko uwa mai ɗa a gefe, an hana guba da tarkon ƙarfe da farautar fitila da dare. A 2023 majalisa ta zartar da sabuwar doka, Act 1115, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1961, ta kuma ba tsarin CREMA gindin zama a doka, wato ƙauyuka su haɗu su kula da dajinsu su kuma ci moriyarsa. Kusan tunani ɗaya ne da na mutanen Pakistan ɗin, sai dai mu nan an fi karkata ga kawo baƙi su kalla su biya kaman yadda ake da dorinar Wechiau da biran Boabeng-Fiema.

Inda abin ya fi shafarmu a zango kuma ba'a cika faɗa ba shine kayan da ke hannunmu. Mai maganin gargajiya da ya shimfiɗa buhu a kasuwa da guntun fatar damisa da farce da haƙori, mai ɗinka laya, gidan sarauta da ake shimfiɗa fata, duk doka tana kallon abin nan a matsayin sashen dabba ne ko da ya shekara talatin a adaka. Ɗanka dake Jamus ya ce baba a aiko min da fatar nan, ka naɗe ta ka cusa a jakar wani mai tafiya, toh ka jefa bawan Allah cikin masifa, dan damisa aji na farko take tare da markhor, haka ma aku mai jan wutsiya tun taron CITES na 2016, a filin jirgi za'a ƙwace kuma ana iya kai shi kotu a can ko a nan, cewa gado ne bata fidda mutum in babu takarda. Wanda ke da irin wannan kaya yana son ya fita da shi sai ya fara zuwa ofishin Wildlife Division na Forestry Commission, wato sashen namun daji na hukumar gandun daji, ya tambaya tun kafin a yanki tikiti, su ke ba da izinin CITES a Ghana, in sun ce bai fita to a bar shi a gida.