Binciken Ƙwayoyin Nano da Hasken Infirared

Infirared haske ne da ido ba ya gani, wanda William Herschel ya gano a 1800. Kowane haɗi tsakanin atam biyu yana da irin rawar da yake yi, kuma galibinsu suna shanye hasken da ya dace da rawar. Na'urar FTIR, wadda ke haska samfur da infirared, tana auna abin da aka shanye, galibi daga 4000 zuwa 400 a ma'aunin cm⁻¹ (yawan igiyoyin haske a santimita ɗaya), ta fitar da zane mai kwaruruka, kowane kwari yana nuna inda aka shanye haske.

Ƙwayoyin nano kuwa su ne masu girman nanomita 1 zuwa 100 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Saboda ƙanƙantarsu, kaso mai yawa na atam ɗinsu a fatar ƙwayar yake, kuma nan ne infirared ya fi amfani: yana nuna abin da ya lulluɓe ta. Ɗaliban kimiyyar sinadarai a Kano kan haɗa ƙwayoyin azurfa da ruwan ganyen zogale ko darbejiya. Azurfar kanta ba ta fitowa a zanen. Sinadaran ganyen da suka manne mata ake gani, kamar C=O, wato haɗin kabon da oksijin, wanda kwarinsa ke fitowa wajen 1700 a wancan ma'aunin. Haɗin ƙarfe da iskar oksijin yana can ƙasa: Fe₃O₄ (na baƙin ƙarfe) wajen 580, ZnO (na zinc) ƙasa da 500. Girman ƙwaya ba aikin wannan na'ura ba ne, sai a nemi XRD, na'urar da ke bincike da hasken X-ray, ko madubin ilaktiron.

Wajen haɗa samfur, ana niƙa miligiram 1 zuwa 2 da kamar miligiram 200 na KBr, wani farin gishiri da infirared ke ratsawa, a ƙaramin turmi, a matse da nauyin tan 8 zuwa 10 har ya zama faifai garai-garai. Idan ya fito fari kamar alli, niƙan bai yi ba ko danshi ya shiga. Samfur ya yi yawa, kwaruruka su cushe.

Danshin ne babbar matsala. KBr mayen ruwa ne, da damina a Kano kafin ka juya ya sha, sai faffaɗan kwari ya bayyana wajen 3400 da ƙarami wajen 1630, wanda sabon shiga kan ɗauka na samfurinsa ne. Maganinsa a gasa gishirin a digiri 110 na wasu sa'o'i, a rufe shi ruf. Da hunturu kuma ƙura ce: yashinta na fitowa tsakanin 1000 da 1100, daidai inda ake neman silika. Ko numfashin mai aiki yakan bar alama a 2350, shi ya sa ake auna na'urar babu komai a ciki kafin a saka samfur. Inda akwai ATR, wani sashe mai lu'ulu'u da ake ɗaura wa na'urar, ɗora garin kawai ake yi a danne, ba ruwan mutum da KBr.