Dokar da ta tilasta wa kowane gida a Japan rajista da ɗakin ibada

A shekarar 1614 gwamnatin sojan gidan Tokugawa ta haramta addinin Kirista a duk faɗin Japan, ta kori masu wa'azi. Abin da take tsoro shi ne biyayyar talakawa ta koma ga wani iko na ƙetare, ganin cewa 'yan mishan tare da jiragen Fotugal da Sifen suke zuwa. Bayan tawayen Shimabara na 1637 zuwa 1638, inda manoman da haraji ya gallaba, akasarinsu Kirista, suka yi bore aka kashe kusan 37,000, sai gwamnati ta ƙara ɗaure igiya.

Tsarin da aka shimfiɗa ana ce masa terauke. Dole kowane gida ya yi rajista da wani ɗakin ibada na addinin Buddha, limamin wurin ya ba da takardar shaida cewa mutanen gidan ba Kirista ba ne. In za ka yi aure, ko ƙaura, ko doguwar tafiya, ko shiga aikin wani, sai an nemi wannan takarda. Mutuwa ma sai limamin ya tabbatar, shi ne kuma zai yi jana'iza. Ko imaninka ya kai can ko bai kai ba, babu ruwan hukuma.

A Nagasaki da kewayenta an ƙara da fumi-e: duk shekara a ajiye hoton Yesu ko Maryamu a ƙasa, kowa ya taka. An kuma haɗa gidaje biyar-biyar, laifin ɗaya ya shafi sauran, ga ladan azurfa ga wanda ya tona asirin maƙwabci. A ganina nan ne muguntar dokar ta fi yawa, domin ta sa mutum yana tsoron wanda suke cin abinci tare.

Addinin Buddha kansa bai tsira ba. Limami ya zama tamkar akawun gwamnati, jama'a na biyan kuɗi ba da son ransu ba, haushi yana taruwa. Da mulkin Tokugawa ya faɗi a 1868, an rushe ɗakunan ibada da dama, an farfasa gumakansu.

Duk da haka wasu iyalai Kirista sun riƙe addininsu a ɓoye fiye da shekara 200. A 1865 mutanen ƙauyen Urakami, kusa da Nagasaki, suka bayyana kansu ga wani fada Bafaranshe a cocin Oura da ke Nagasaki. An kama dubbai aka kai su wasu yankuna, sai a 1873 aka sauke allunan da ke shelanta haramcin addinin Kirista a bainar jama'a.