Ciwon dunduniya da asuba: jijiyar tafin ƙafa ce ta gaji

Idan ka sauko daga gado da asuba ka ji kamar an soka maka ƙusa a dunduniya, sai ka ɗan taka sannan ya lafa, galibi jijiyar tafin ƙafa ce ke kuka. Farar jijiya ce mai faɗi, ta taso daga ƙashin dunduniya ta bazu har gindin yatsu, tana riƙe da lanƙwasar ƙafa kamar yadda tsirkiya ke riƙe baka.

Tafiya da gudu suna ƙarfafa ta, amma ba ta son gaggawa. Jini ba ya ratsa ta kamar tsoka, shi ya sa tsoka kan saba da sabon aiki cikin makonni, ita kuwa sai watanni. A gudu, kowane taku yana ɗora wa ƙafa ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki. Wanda ya shekara a zaune a shago, rana ɗaya ya shiga fili buga ƙwallo, ko maniyyacin da bai saba tafiya ba ya je ya yi ɗawafi da sa'ayi (kai-komo bakwai tsakanin Safa da Marwa kaɗai kimanin kilomita 3 ne), jijiyar kan yi ƙananan tsagewa daidai inda ta kama ƙashi. Yini a tsaye kan siminti da silifas da ya suɗe, da yawan ƙiba, suna ƙara ta'azzara abin.

Kada a kwanta gaba ɗaya, a dai rage aikin. Kafin ka taka ƙasa da safe, ɗora ƙafar kan gwiwa, ka ja yatsun baya har ka ji tafin ya ɗaure, daƙiƙa 10, sau 10, haka sau uku a yini. Ka dafa bango ka miƙe sha-raɓa daƙiƙa 30, domin idan agara, wato jijiyar da ta haɗa sha-raɓa da dunduniya, ta ɗaure tana jan dunduniya. Da yamma a mirgina gorar ruwa mai ƙanƙara a ƙarƙashin tafin minti 10. A nemi takalmi mai taushin dunduniya.

Sauƙi kan ɗauki watanni, don haka kada haƙuri ya ƙare a kai ƙafa wurin tsaga. Yawan yin allurar steroid, ta rage kumburi, a dunduniya ma na iya tsinka jijiyar. Mai ciwon suga, ko wanda ya ga kumburi da ɗumi, ko wanda agararsa ta fara ciwo yana shan maganin kashe ƙwayoyin cuta na ciprofloxacin, ya je asibiti a ranar.