Tono kayan tarihi a tsofaffin gonakin Amurka: ina doka ta tsaya?

Maganganu biyu ne ke yawo game da mutanen nan masu zagaya tsofaffin gonakin gabashin Amurka da na'urar gano ƙarfe, kuma duka biyun akwai gyara. Wasu na cewa duk abin da ya shekara ɗari a cikin ƙasa na gwamnati ne, wanda ya taɓa shi sai gidan yari. Wasu kuma na cewa ai tsintuwa ce, wanda ya tsinta shi ke da ita. Magana ta farko ta sa masu gona suna ɓoye abin da garma ta tono don tsoron kada a ƙwace musu fili. Ta biyun kuwa ta sha kai mutane gaban alƙali.

Abin da ake nema kayan zamanin mulkin mallakar Ingila ne, daga kafa garin Jamestown a 1607 zuwa shelar 'yanci a 1776. Bayan girbi, musamman in an yi huɗa ruwa ya zuba, sai mutum ya bi kunya-kunya yana kaɗa na'ura dab da ƙasa har ta yi ƙara. Galibi abin da ke fitowa maɓallan riga ne, da ƙarfen ɗaure takalmi, da dunƙulen harsashin dalma da ya yi fari don daɗewa, da tsabar tagulla mai hoton Sarki George wadda ta cinye har ba a iya karanta shekararta. Mai sa'a ya samu 'yar azurfar Sifaniya, wadda aka ci gaba da karɓa a matsayin kuɗi a Amurka har 1857.

Dokar da ake ambata ana tsorata mutane ita ce ARPA, dokar tarayya ta kare kayan tarihi, wadda Shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu a 1979. Gaskiya ne ta ambaci shekara 100, amma ta ambace ta ne wajen bayyana irin kayan da take karewa, ba ta ce duk tsohon abu ya zama na gwamnati ba. Hurumin da take aiki a cikinsa filayen gwamnatin tarayya ne da filayen ƙabilun 'yan asalin ƙasar, inda ba a tono sai da takardar izini, ita kuwa masana binciken tarihi ake ba. Gonar mutum ta kansa ba ta cikin wannan lissafi. Idan manomi a Virginia ya ba ka izini ka zagaya gonarsa ka samu maɓalli na shekara 250, ba ka karya ARPA ba, kuma babu jami'in da zai ƙwace masa gona saboda haka.

Inda mutane ke faɗawa shi ne kufai. Dazuzzukan arewa maso gabas cike suke da gonakin da aka watsar tun ƙarni na 19, ga ramin gida ga katangar duwatsu, babu kowa. Ganin babu kowa ba ya nufin babu mai shi. Da yawa sun koma hannun jiha ko tarayya, kuma jihohi na da nasu dokokin a kan filayensu. A wuraren tarihi na ƙasa kamar fagen yaƙin Yorktown ko Valley Forge, ba sai ka yi tono ba: riƙe na'urar a haɗe laifi ne, sai dai in an kwance ta an naɗe yadda ba za ta yi aiki ba.

Akwai wata gaɓa ta dokar da masu wannan sha'awa ke yawan kafa hujja da ita, wai ai an cire tsabar kuɗi da harsashi. An cire su, amma da sharaɗi. Ƙa'idojin aiwatar da dokar sun ce ba a ɗaukarsu kayan tarihi sai idan an same su tare da wasu kayan tarihin. To tsabar da ke kwance cikin fasassun tangaran da tsofaffin ƙusoshi a kufan gidan 1750, ai tare da su take. Kusan duk wurin da mai neman kayan mulkin mallaka zai so zuwa irin wannan wuri ne, don haka sassaucin ba ya amfana masa komai.

Hukuncin shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. A rubuce, laifin farko tara ce da ba ta wuce dala 10,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba, ko duka biyun. Idan darajar abin da kuɗin gyaran wurin suka haura dala 500, sai ya koma dala 20,000 da shekara biyu. Wanda ya sake, dala 100,000 da shekara biyar. Wannan iyaka ta dala 500, da can dala 5,000 ce, gyaran 1988 ya sauko da ita, ya kuma sa yunƙurin tono kaɗai ya zama laifi ko ba a samu komai ba. Kotu na iya ƙwace na'urar har da motar da aka je da ita.

Mutum zai ce ai maɓallin da na ɗauka bai kai dala 500 ba. Ba haka ake lissafin ba. Ban da farashin kasuwa, doka ta yarda a auna abin da ake kira darajar bincike, wato kuɗin da za a kashe da a ce masana ne suka tona wurin bisa ƙa'ida: tsara aiki, tono, gwaji a ɗakin bincike, rubuta rahoto. Sai a ɗora kuɗin cike ramuka da gyara. Da wannan ma'auni, 'yan ramuka kaɗan sun isa su haura iyakar. A ganina akwai tsauri a nan ga wanda ya shiga bisa rashin sanin iyakar fili, amma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Abin da ake asara ba ƙarfen ba ne kaɗai, har da sanin inda yake kwance da abin da ke kusa da shi, kuma wannan in an tone shi sau ɗaya ya tafi.

Yanzu ga masu cewa tsintuwa ce. A gonar wani, izinin mai gona shi ne komai. Shiga ba izini kutse ne, ɗaukar abu kuma sata. Ko ma da izinin shiga, kotuna kan karkata ga mai ƙasa game da abin da ke binne a cikinta. A jihar Idaho a 2001, kotun ɗaukaka ƙara ta ba mai fili tsabar zinariya da ma'aikatan shimfiɗa hanya suka tono a filinsa. Wannan ya sa masu hankali ke rubuta yarjejeniya tun kafin a kunna na'ura, a faɗi wa zai riƙe me. A kuma tabbata mai filin ne ya ba da izinin, ba mai haya ba. Jihar Georgia ta ƙara da cewa izinin ya zama a rubuce, a kuma sanar da hukumar jiha kafin a tona wurin tarihi ko da a filin mutum ne.

Ita ma ARPA tana da hannu ɗaya da ke kai wa filin mutum. Idan an ɗauki abu ta hanyar karya dokar jiha, kamar kutse, aka ƙetara da shi wata jiha ko aka sayar a can, ya zama laifin tarayya. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da haka a 1993, a shari'ar kayan da aka kwasa daga wani tudun tarihi a filin kamfani a Indiana.

Abin da ke damuna da tsarin shi ne gibin da ke tsakani. A wannan gefen shinge ɗauri, a wancan gefen kuma mutum ya kwashe kufan gida kaf babu wanda ya rubuta ko layi ɗaya. Ingila tun 1997 take da shirin da mai tsintuwa ke kai abinsa bisa raɗin kansa a rubuta shi da inda aka samo shi, a mayar masa. Amurka ba ta da irinsa a matakin ƙasa, sai dai wanda ya ga dama ya sanar da ofishin adana tarihi na jiharsa, kuma yin hakan ba ya raba kowa da gonarsa.

Wuri ɗaya da izinin mai gona ba ya aiki shi ne kabari. Tsofaffin gonaki da yawa na da maƙabartar iyali, wasu kuma ta bayi, babu alama a kai. Yawancin jihohi sun haramta taɓa su ko a filin wa suke. Wanda ya ci karo da ƙashin mutum ko ƙusoshin akwatin gawa, ya dakata nan take, ya bar komai a yadda yake, ya kira 'yan sanda.