Ƙurajen Fuska, Bushewar Fata da Ekzima a Jarirai

Ƙurajen fuska, bushewar fata da ekzima na daga cikin matsalolin fata da aka fi gani a jikin jarirai daga haihuwa zuwa cikar shekara guda. Yawancinsu ba cuta ba ne: fatar jariri ce ke sabawa da iska da zafi bayan wata tara a cikin ruwan mahaifa, kuma da kansu suke bajewa. Ekzima ce ta fita daban, domin tana ƙaiƙayi, tana lafawa ta dawo, kuma kula da ita kan ɗauki watanni ko shekaru. Tambayoyi biyu ne suka fi taimakawa wajen rarrabewa: kwanan jariri nawa abin ya fito, kuma yana damunsa ko kuwa uwar kaɗai yake damu?

Yadda fatar jariri take

Fatar jariri ta fi ta babba sirantaka, ruwa ya fi saurin fita daga cikinta, abin da aka shafa mata kuma ya fi saurin ratsawa ya shiga jini. Ana haihuwarsa da wani farin maiƙo a jiki, wanda ke tsare fata daga bushewa da ƙwayoyin cuta. Saboda wannan maiƙo, da kuma gudun kada sanyi ya kama shi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jinkirta wankan farko zuwa awa 24 bayan haihuwa, in hakan ba zai yiwu ba, a jira aƙalla awa 6.

A makonnin farko fata kan yi saɓa, musamman a wuyan hannu da idon sawu da tafin ƙafa, kuma abin ya fi yawa ga jaririn da ya zarce watanninsa a ciki. Wannan saɓa ba ta buƙatar magani, ba a kuma ɓare ta da hannu.

Ƙurajen makonnin farko

Kusan rabin jarirai ana haihuwarsu da wasu fararen ƙuraje ƙanana a kan hanci da kumatu da haɓa, girmansu bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba. Likitoci na kiransu miliya. Matacciyar fata ce ta maƙale a ƙarƙashin sabuwa, kuma cikin 'yan makonni suke ɓacewa.

A rana ta biyu ko ta uku, jarirai da yawa da suka cika watanninsu kan fito da jajayen tabo masu ɗan farin kai a tsakiya, a fuska da ƙirji da baya. Yau a gan su a nan, gobe sun koma can. Ba sa taɓa tafin hannu da na ƙafa, kuma ba sa wuce mako biyu. Akwai wani nau'in da ya fi yawa a jarirai baƙar fata: ana haihuwar yaro da 'yan ƙuraje masu ruwa a goshi, ƙarƙashin haɓa, wuya ko ƙwauri, su fashe cikin kwana ɗaya ko biyu, su bar baƙaƙen ɗigo da ke ɗaukar har wata uku kafin su dushe. Iyaye kan tsorata da ɗigon, alhali ba ya barin tabo.

Daga mako na biyu zuwa na huɗu ne ƙurajen da ke kama da na balaga ke fitowa, a wajen jariri ɗaya cikin biyar. Suna yi wa kumatu da goshi ruf, su ƙara tashi idan yaro ya yi kuka ko ya ji zafi. Ana danganta su da sinadaran homon da ke motsa jijiyoyin maiƙon fata, da kuma wani naman gwari mai suna Malassezia da ke zaune a fatar kowa. Zuwa wata uku ko huɗu sun tafi. Ruwa mai ɗumi ya wadatar. Matsa su ko lafta musu mai ƙara su yake yi.

Sai ƙurajen zufa, waɗanda suka yawaita a ƙasashe masu zafi. Ƙofofin gumi ne ke toshewa, ƙuraje su feso a wuya da hamata da matsematsi da goshi. A ƙasar Hausa sun fi tsananta a bazara, kuma babban dalilinsu shi ne naɗe jariri da hula da safa da rigar sanyi da shawul a ɗakin da babba ma ke fifita. Rage tufafi ya fi hoda amfani, ga shi kuma ƙurar hoda na shiga huhun yaro.

Amosanin jarirai

Wannan wani ɓawo ne mai maiƙo, ruwan ɗorawa ko fari, da ke manne wa tsakar kai a watanni ukun farko, wani lokaci ya sauko gira da bayan kunne da ninkin wuya. A fatar baƙi yakan bar wurin ya yi haske na ɗan lokaci. Ba ƙazanta ce ke kawo shi ba, ba ya yaɗuwa, kuma galibi ba ya ƙaiƙayi, wanda shi ne babban bambancinsa da ekzima. Ana shafa ɗan mai ya jiƙa ɓawon, a wanke da sabulu marar ƙarfi, a goge da burushi mai laushi. Kafin yaro ya shekara yawanci ya rabu da shi.

Ekzima

Ekzima kumburin fata ne mai naci, wanda a ƙasashe da dama ke kama yara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Wajen kashi 60 na masu ita a shekararsu ta farko take fara musu, galibi tsakanin wata biyu da shida. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ba ita ce ƙyasbi ba, duk da yadda ake haɗa su a Najeriya, ba kuma makero ba ce. Waɗannan biyun naman gwari ne ke kawo su, maganinsu daban.

A jariri takan fara daga kumatu, ta hau goshi da kai, ta bi bayan hannuwa da gaban ƙafafu. Wurin da kunzugu ya rufe yakan tsira saboda danshi. Idan yaro ya fara tafiya sai ta koma ninkin gwiwar hannu da bayan gwiwar ƙafa. Littattafan likitanci sun daɗe suna siffanta ta da ja, amma a baƙar fata ba safai ake ganin jan ba: wurin yakan yi duhu ko ya yi toka-toka, ya yi kaushi, ko ƙananan ƙuraje su tashi a gindin gashi. Bayan ta lafa, wurin kan yi haske ko baƙi na watanni. Jaririn da bai iya susa ba tukuna zai riƙa goga kumatunsa a kafaɗar uwa ko a zanen goyo, yana mutsu-mutsu, barci ya gagara. Da safe a ga gashin ƙeyarsa ya zube, ko a ga ɗigon jini a shimfiɗa.

Gado na da babban hannu a ciki. Yaron da mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da ekzima, asma ko atishawar ƙura ya fi kusa da kamuwa. Saman fata kamar katanga take, ƙwayoyin fata su ne tubali, maiƙo shi ne yaɓe. Idan yaɓen ya yi rauni sai ruwa ya tsere, ƙura da sabulu su kutsa, garkuwar jiki ta harzuƙa. A 2006 masu bincike a Jami'ar Dandi da ke Sikotilan, ƙarƙashin Irwin McLean, suka gano cewa tawaya a ƙwayar gadon da ke samar da wani furotin mai suna filagirin na daga cikin manyan sanadin wannan rauni. Tawayar wannan ƙwayar gado ta fi yawa a Turawa da mutanen Asiya, ba ta da yawa a 'yan Afirka, ko da yake ekzimar kanta ba ta ƙyale baƙar fata ba.

Abubuwan da ke tayar da ita sanannu ne: busasshiyar iskar hunturu, zufa, yawu da ke zuba a haɓa, tufafin ulu da na nailan, sabulu mai ƙamshi, turare, ragowar garin wanki a tufafi. Wankan jarirai irin na gargajiya, da ruwa mai zafi da soso da dirza safe da yamma, na wanke maiƙon da fatar ke buƙata, haka ma zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan wanka.

Kulawa da magani

Ginshiƙin kulawa shi ne mai. Ana wanka na minti 5 zuwa 10 da ruwa mai ɗumi, a tsane jiki da tawul ba tare da gogewa ba, a shafa mai tun fata na da danshi, a maimaita aƙalla sau biyu a rana ko da fatar ta yi kyau. Mai mai kauri marar ƙamshi, irin su basilin, ya fi mai ruwa-ruwa riƙe danshi. Man kaɗanya tsantsa ma iyaye da yawa na amfani da shi. Man zaitun kuwa, wani bincike da aka yi a Shefild ta Ingila a 2013 ya nuna yana raunana saman fata. Sai yanke farce da tufafin auduga.

Idan ta tashi, mai kaɗai ba ya kwantar da ita. Likita kan rubuta man sitiroyid mai sauƙi, wato maganin kwantar da kumburi, galibi haidirokotizon mai ƙarfin kashi 1 cikin ɗari, wanda tun 1952 aka fara shafa shi ga masu ciwon fata. Ma'auninsa: abin da aka matso daga kan yatsan babban mutum zuwa gaɓar farko ya isa wuri mai faɗin tafin hannun babba biyu. Tsoron wannan magani kan sa wasu iyaye su bar yaro cikin ƙaiƙayi ba gaira ba dalili. Haɗarin gaske yana ga mayuka masu ƙarfi da ake saye a kemis ba takardar likita, waɗanda suka haɗa sitiroyid da maganin naman gwari da na bakteriya, har wasu su kwaɓa su cikin man shafawar yaro na kullum. Fata kan yi sumul ta yi haske da farko, daga baya ta sirance, maganin ya shiga jini ya taɓa girman yaro, in an daina kuma ƙurajen su dawo da ƙarfi.

Shafa mai ba ya hana ekzima fitowa tun farko: gwajin da aka yi a Birtaniya kan jarirai 1,394, aka buga a 2020, bai ga bambanci ba. Game da abinci kuma, ba a son mai shayarwa ta kama ƙaurace wa abinci ba da shawarar likita ba. Wani gwaji na 2015 kan jarirai 640 masu ekzima mai tsanani ko waɗanda jikinsu ba ya karɓar ƙwai ya nuna cewa fara ba su gyada da wuri ya rage rashin jituwa da ita da kusan kashi 80 cikin ɗari. Niƙaƙƙiya ake bayarwa, ba ƙwayarta ba, bayan likita ya duba yaron. Yara da yawa kan samu sauƙin ekzima sosai kafin su balaga.

Alamomin gaggawa

Ana kai jariri asibiti nan take idan ƙuraje sun zo da zazzaɓi, musamman wanda ya kai digiri 38 a yaron da bai cika wata uku ba, ko da ƙin kama nono, ko yawan barci da laushin jiki. Haka idan wurin ya fara ruwa ko mugunya, ko ya yi ɓawo mai launin zuma, alamar bakteriya ta shiga. Ƙuraje masu ruwa da suka fito a cure, suka fashe suka bar ƙananan ramuka masu zafi, na iya zama ƙwayar cutar hafis, wadda ke kawo ƙurajen leɓe masu ruwa, ita ce ta hau kan ekzima, kuma tana bazuwa cikin sa'o'i. Idan kuwa ƙaiƙayin ya kama sauran mutanen gida, ga ƙuraje a tafin hannu da na ƙafar jariri, to ƙazuwa ake zato, kuma gidan gaba ɗaya ake yi wa magani a lokaci guda.