Bonfire (kalmar Turanci): ma'anarta, asalinta da yadda ake amfani da ita

Bonfire kalma ce ta Turancin Ingilishi da ke nufin babbar wuta wadda mutane suka hura da gangan a fili, ko don biki, ko don ba da sanarwa daga nesa, ko kuma don ƙone tarin busassun ganyaye da shara. Sharaɗin kalmar shi ne a samu niyya da kulawa, saboda haka ba a kiran gobara da wannan suna komai girmanta, haka ma wutar daji da ta ƙwace wa mutane. Ƙaramar wutar da matafiya ke hurawa don girki ko jin ɗumi sunanta campfire, tarin itacen ƙona gawa kuwa pyre ake ce masa.

Asalin kalmar haɗi ne na bone, wato ƙashi, da fire, wato wuta, ma'anarta ta farko ke nan wutar ƙasusuwa. Wani ƙamus na Turanci da Latin mai suna Catholicon Anglicum, na wajajen 1483, ya rubuta ta da siffar banefyre, ya kuma fassara ta da ignis ossium, wanda a Latin yake nufin wutar ƙasusuwa. Tun kafin wannan, wani malamin coci mai suna John Mirk, daga yankin Shropshire na Ingila, ya bayyana a cikin wa'azinsa na ƙarshen ƙarni na 14 cewa a daren jajiberin bikin Yahaya Mai Baftisma, ranar 23 ga Yuni, mutane kan hura wuta iri uku: ta ƙasusuwa zalla, ta itace zalla, da wadda aka haɗa su biyun. Ta farkon ce ya kira da wannan suna, ya kuma ce an yi imani warin ƙashi mai ƙonewa yana korar dodanni masu shawagi a sama. Harshen mutanen Ayilan ma yana da irin wannan suna, tine chnámh, mai ma'ana ɗaya.

Da tafiya ta yi nisa wasalin gaɓar farko ya gajarce, rubutun ya koma bon, ƙashin kuma ya ɓace daga kunnen masu magana. Wannan ne ya buɗe ƙofar kuskuren da ya daɗe yana yawo, cewa kalmar ta samo asali ne daga bon na Faransanci, wato mai kyau. Shahararren marubucin Ingila Samuel Johnson da kansa ya kawo wannan bayani a ƙamusunsa na 1755. Bayanin yana da daɗin ji, tunda wutar ta murna ce, amma tsofaffin rubuce-rubucen da suka riga shi da ɗaruruwan shekaru ba su goyi bayansa ba.

A Birtaniya ta yau, da an ambaci kalmar abin da ke zuwa zuciya shi ne daren 5 ga Nuwamba, wanda ake kira Bonfire Night. A wannan rana ce a 1605 aka kama Guy Fawkes a ƙarƙashin ginin majalisar dokoki a Landan yana gadin gangunan albarushi, cikin wata maƙarƙashiya da Robert Catesby ya jagoranta don hallaka Sarki James na Ɗaya. Mutanen birnin suka hura wuta don murnar tsirar sarki, majalisa kuma ta kafa dokar tunawa da ranar a 1606, dokar da ba a soke ba sai a 1859. Al'adar ta ci gaba bayan dokar: ana ɗora mutum-mutumin Fawkes a kan tarin itace a cinna masa wuta, a yi wasan tartsatsin wuta, garin Lewes na yankin Sussex kuwa ya fi ko'ina suna wajen wannan biki. A Arewacin Ayilan kalmar tana ɗauke da nauyin siyasa, domin a daren 11 ga Yuli unguwannin masu goyon bayan zama cikin Birtaniya kan cinna wa dogayen tarin katako wuta don tunawa da yaƙin Boyne na 1690, inda Sarki William ɗan Furotesta ya ci James na Biyu ɗan Katolika.

Ana kuma aron kalmar don nuna share abubuwa da yawa a lokaci guda. Da ita Turawa ke kiran ƙona madubai, kayan ado, zane-zane da littattafai da mabiya mai wa'azi Girolamo Savonarola suka yi a birnin Florence na Italiya a watan Fabrairun 1497. 'Yan siyasar Birtaniya ma sun saba da ita idan suna maganar soke tarin ƙa'idojin gwamnati, kamar yadda aka kira matakin Harold Wilson na Nuwamban 1948, lokacin da yake ministan ciniki, na janye dokokin taƙaita kayayyaki da suka rage tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu.